Gurbin Dadduma Ɗaya

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Jiya na biya kuɗin atamfar da ban ɗinka ba, ban kuma ɗaura ba. Wata mai kawo min ɗinki daga Bolari ce ta ba ni turmi guda tun farkon Disamba. Da hannuna na karɓa, har ina tune da cewa a baƙar leda take. Da lokacin yanka ta ya yi, na birkice ɗakin nan kaf ban gan ta ba. Kwana uku ina nema. A ƙarshe na shiga babbar kasuwa na sayo mai kama da ita, na je har gida ina ba matar haƙuri. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba komai, Allah ya kiyaye gaba." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi a kan wannan kawaicin.

Ciki da falo muke haya a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, ni da maigida da yara huɗu. A uwar ɗakan nan keken ɗinkina yake, ga gado, ga sif, ga jeren kwanukan aurena, ga adakar marigayiya Innarmu, ga bakko bakwai cike da ƙyallaye. Sauran abin da ke tsakaninsu ba zan iya lissafa shi ba. Ni ba ƙazama ba ce, kullum sai na yi shara na yi wanke-wanke. Sai dai tsintsiyata gefen tarkacen take bi ta wuce, shekara da shekaru.

Sau biyu na taɓa ɗaura ɗamarar gyara ɗakin gaba ɗaya a yini guda. Na fito da komai tsakar gida tun da safe. Duka biyun la'asar ta riske ni kaya na zube, ban ɗora tukunya ba, maƙwabta na tsallake shirgina suna wucewa. Magariba na kawo jiki na kwashe na mayar, a hargitse fiye da yadda na same su.

Yau da asuba da na zo yin salla sai da na ture bakko da ƙafa, duk da haka daddumar ba ta shimfiɗu ba, bakinta ya naɗe a jikin ledar tsofaffin takalma. A nan na sa goshina. Bayan na sallame na daɗe a zaune. Abin da na yanke shi ne ba zan sake cewa zan gyara ɗaki ba. Lungun da ke tsakanin taga da sif kaɗai zan gyara, daidai inda dadduma za ta kwanta sosai. Na ɗauki tef na auna, inci 50 a tsaye, inci 30 a kwance, na ja layi da allin ɗinki a inda siminti ya bayyana. Abin da ke wajen layin nan ba ruwana da shi tukuna.

Litinin, 6 ga Janairu

Bayan isha'i, da yara suka kwanta, na ba aikin kwata ɗaya na awa. Na saita ƙararrawa a waya don kada in zarce in gaji in tsani abin.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: duk abin da hannuna ya ɗaga, sai na yanke masa hukunci kafin in ajiye shi. Ko ya tafi bola, ko a ba wani, ko ya koma inda ya dace da shi. Ba zan ɗauke shi daga wannan tulin in ɗora a wancan ba, domin shi ne abin da na yi ta yi a baya ina kiransa gyara.

A saman tulin akwai hijaban da suka yi wa babbar 'yata kaɗan, da takalmin makaranta wari ɗaya, da fitilu masu caji guda huɗu matattu, waɗanda muka tara lokacin dogon rashin wutar bara. Ƙarƙashinsu na tarar da almakashina biyu. Biyu. Na ukun da nake aiki da shi yanzu a watan Nuwamba na saye shi, ina ta faɗa da yara cewa su suka ɗauka. Gobe da safe sai na ba su haƙuri.

Ƙararrawa ta buga ban ci ko rabin tulin ba. Na tsaya. Hannuna na ƙaiƙayin ci gaba, amma na san halina.

Laraba, 8 ga Janairu

Daren yau na kai ƙasa, kuma abin da na gani ya tayar min da hankali.

A can ƙurya, bayan wani kwali da ya sha laima tun damina, ga baƙar ledar nan. Atamfar matar Bolari ce. Ɓera ya shiga ta gefe ya ci ninki huɗu a jere, ta yadda idan aka warware ta sai ramuka su fito a layi kamar an yi da gangan. A gefenta ga sheƙa da ya haɗa da zare da yagaggun takardu, ga kashinsa baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa a warwatse, ga wani rami a gindin bango da yatsuna uku za su shiga. Wato duk watannin nan, taku biyu daga inda autana yake rarrafe, ɓeraye ke kwana.

Hannuna har ya kai kan tsintsiya sai na tuna abin da aka yi ta faɗa mana a asibiti ranar awo da kuma a rediyo. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga jikin mutum, ko ta abincin da suka ɓata, ko ta ƙurar da ta tashi daga wurin. Sunan ya samo asali ne daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969. Lokacin rani, irin watannin nan da muke ciki, ya fi yaɗuwa, kuma Bauchi da ke maƙwabtaka da mu tana cikin jihohin da suka fi fama da shi duk shekara, tare da Ondo da Edo. Mutum kan iya kai sati uku da ɗauka kafin ciwon ya bayyana, ya kuma fara kamar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake makara.

Saboda haka ban share shi a bushe ba. Na buɗe taga, na ɗaura takunkumi, na zura hannuwana a leda biyu-biyu. Na haɗa Hypo kashi ɗaya da ruwa kashi tara na jiƙa wurin sharkaf, na bar shi minti biyar, sannan na kwashe da tsumma na ƙulle komai a leda, har da tsumman da kwalin da atamfar. Atamfar ta ba ni tausayi, akwai wajen yadi biyu masu kyau a jikinta, zuciyata har ta fara cewa za su yi wa yarinya siket. Na ƙi saurarenta. Irin wannan maganar ce ta cika min ɗaki.

Maigida ya ce gobe zai zo da siminti a leda ya toshe ramin, ya haɗa da fasasshiyar kwalba. Tsakin masara da geron kunu da ke buhu a falo kuma za su koma robobi masu murfi.

Alhamis, 9 ga Janairu

An toshe rami. Na wanke wurin da omo, ya bushe, na shimfiɗa dadduma ta kwanta ɗas, kusurwa huɗu duk a ƙasa. Na buga ƙusa ɗaya a bango na rataye hijabin salla da carbi.

Na yi isha'i a wurin. Da na ɗago daga sujada idona bai sauka a kan wani aikin da ke jirana ba, bango ne kawai fari da inuwar labule. Na manta rabon da in ji haka a ɗakina. Sauran ɗakin yana nan yadda yake, amma idan na juya masa baya na fuskanci gabas ba na ganinsa.

Talata, 14 ga Janairu

Ashe gyara wurin ne mai sauƙi, tsare shi ne aiki. Fili a ɗaki mai cunkoso kamar inuwa ce a tsakiyar rana, kowa nan yake nufa.

Ranar Juma'a na tarar da jakunkunan makaranta uku a kai. Asabar hular maigida da cajarsa. Jiya ni da kaina, na sauke wanki daga igiya, hannuna ya kai shi can kafin in ankara. Ga hunturu kuma, hazo ya rufe gari, ko an rufe taga sai ƙura ta sami hanya. Da safe idan na shafa simintin da yatsa sai ya bar layi. Don haka kullum bayan asuba nake goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, in naɗe daddumar in ɗora a kan ƙusa ta biyu.

Da farko faɗa na riƙa yi. Sai babbar 'yata, mai shekara goma sha uku, ta ce min, "To Umma, ina za mu ajiye?" Na buɗe baki ban sami amsa ba. Gaskiya ta faɗa. Tun da suka shiga makaranta ban taɓa nuna musu wuri na ce nan ne na jaka ba. Inda suka ga sarari nan suke yarwa, ni ma haka nake yi. Abin da ba shi da mazauni dole ya kwana a mazaunin wani.

Na roƙi maigida ya buga min ƙusoshi huɗu a bayan ƙofar falo, ɗaya sama da ɗaya daidai tsayin kowane yaro, na autan ma an buga masa ko da bai fara zuwa ko'ina ba. Yana bugawa yana cewa, "Wai duk a kan wannan ɗan lungun ake wannan hidimar?" Na ce, "Malam, a bar min shi kawai, ko sauran ɗakin zai rushe." Ya yi shiru, can ya ce to shi ma a nema wa hularsa wuri. An buga ta biyar.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwana goma lungun bai kwana da komai a kansa ba, don haka na ƙara ɗan taki: saman durowar gefen gado da aljihunta na sama. Nan ne ma'ajiyar magani da takardu, ko in ce inda ake jefa su.

Magungunan sun ba ni tsoro. Na zube su a faranti na bi kwanan watan da ke jikin kowanne. Akwai na tari da ya ƙare aiki tun 2022. Akwai kwalbar maganin yara irin wanda ake zuba wa ruwa a girgiza, wanda bayan an haɗa shi ba ya wuce sati ɗaya zuwa biyu, tawa kuwa ta fi shekara, har ta yi dunƙule a ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne katin maganin zazzaɓin cizon sauro har guda uku da aka sha rabi aka bari. Na kwana uku ne, safe da yamma, sau shida. Ragowar da na gani shaida ce cewa muna dainawa da zarar jiki ya yi sanyi. Wannan ba batun tarkace ba ne kaɗai, sakaci ne da lafiyar 'ya'yana, kuma da ban zube su a faranti ɗaya ba da ban gan shi ba. Waɗanda suka lalace na ɓare su na cakuɗa da toka na ƙulle, don kada yaran da ke tone-tone a bola su tsinta su sa a baki. Masu kyau suka shiga roba mai murfi, can saman sif.

Takardu kuma na sami katin rigakafin auta da na yi ta nema a watan jiya, da takardun haihuwa uku cikin huɗu, da takardar NIN ɗina a naɗe cikin tsohon rasit na wuta. Na sayo jakar takardu ta roba mai maɓalli a bakin kasuwa, duk suka shiga ciki. Ta huɗun, ta ɗana na biyu, tana wani wuri a ɗakin nan. Ban tayar da hankalina ba, zan iso ta.

Sai waɗanda suka tsayar da ni: yagaggun shafukan Juz'u Amma, da bangon Ahalari, da littattafan Islamiyya da yara suka cika da ayoyi da hadisai. Su ne dalilin da ya sa ban taɓa iya zubar da takarda ko ɗaya daga aljihun nan ba, ina tsoron a sami sunan Allah a bola. Maigida ya ce malamai sun ba da hanya, a ƙona su a wuri mai tsarki ko a binne, kuma ya tuna min cewa Sayyidina Usman da kansa, bayan an tattara Alƙur'ani a mus'hafi ɗaya, ya sa an ƙone sauran rubuce-rubucen. Muka ware su ɗaya bayan ɗaya, shi ya ƙona a tsohon kasko mai tsabta, ya binne tokar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Shekaru ina ɗauke da wannan nauyin, ashe tambaya ɗaya ce maganinsa.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, kowa na gida da safe. Na yi amfani da ita na fitar da abin da na riga na yanke wa hukunci kaɗai, ban buɗe sabon wuri ba.

Wani yaro ɗan jari bola ya zo wucewa da kurarsa, na kira shi. Ya ɗauki matattun fitilun nan, da tsohon dutsen guga, da kan risho da ya ruɓe, da wata fanka da ta ƙone tun ina goyon na uku. Ya ɗora ƙarafan a sikelinsa ya ba ni abin da ya sawwaƙa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ya biya simintin da aka toshe rami.

Sharar kuwa wani almajiri ya ce zai kai min kwari. Na hana. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san abin da kwarurrukan nan suke yi da damina, ya kuma san yadda leda da tsumma ke toshe magudanar ruwa har ya dawo cikin gidajen mutane. Ba zan fitar da tarkace daga ɗakina in aika wa na ƙasa da mu ambaliya ba. Na ƙara masa kuɗi ya kai inda motar shara take ɗauka.

Bakko bakwai na ƙyallaye suna nan suna kallona. Na buɗe ɗaya kawai. Duk wanda bai kai tafin hannu biyu ba na ware shi, wata maƙwabciyarmu mai yin matasan kai ta ce tana so, ta aiko an ɗauka. Manyan na ninke su a kwali don 'yan koyo su riƙa gwada hannu. Saura shida.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na faɗi. Ankon biki na karɓa, kala goma sha ɗaya a kwana takwas, ga auta da mura. Ban san lokacin da aka fara ba, na dai san daren Alhamis na ɗora yankakkun hannuwan riga a kan daddumar na ce zuwa safe. Safiyar ta zama kwana biyar. Jiya da na duba, ga leshi, ga ledar zif, ga kofin shayi, ga wandon makaranta, layin allin ma ya ɓace. Na koma yin salla a falo tsakanin ƙafafun yara.

Na zauna bakin gado raina a jagule, ina cewa shi ke nan, halin nawa ne ya dawo, dama wa ya ce zan iya. Har na yi ƙwalla. Sai na ce bari dai in saita kwatan awar nan in ga inda zan kai.

Minti tara ya ɗauke ni. Na duba wayar sau biyu don ban yarda ba. Wancan karon dare uku na yi a kan wannan wurin, yau minti tara, saboda kusan duk abin da na ɗaga ya riga ya san gidansa: wando bayan ƙofa, zif a gwangwanin kayan ɗinki, kofi a kwandon wanke-wanke. Yankakken ɗinki ne kaɗai ba shi da wuri, shi ne kuma ya fara jawo sauran. Na wanke wata tsohuwar kwalla daga cikin jere na ajiye ta ƙarƙashin keke. Daga yau duk aikin da ke hannu a cikinta zai kwana, kowanne a ledarsa, da sunan mai shi a rubuce a takarda an maƙala da fil. Da na yi haka tun Disamba da ban biya atamfar mutane ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Adda, yayata, ta zo daga Kumo ta yini. Dama ita nake jira, domin adakar Inna ba abin da zan buɗe ni kaɗai ba ne.

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna. Da aka raba gado adakar ta faɗo a rabona, aka ɗora ta a mota aka kawo, na tura ta gefen sif na rufe da zani. Tun ranar ban ɗaga murfinta ba. A kanta nake tara wanki. Idan na gaya wa kaina gaskiya, daga jikinta tulin ɗakin nan ya fara tsiro, domin wurin da ba ka son kallo shi kake rufewa da kaya.

Muka jawo ta tsakiyar ɗaki. Makullin ya yi tsatsa sai da muka ɗiga man keke. Murfin na ɗaguwa warin kafur ya bugo mu, tare da wani ɗan ƙamshin turaren wutarta da ya maƙale a zannuwan. Adda ta juya fuska ta ce, "Allah ya jiƙan Inna." Muka daɗe ba mai magana.

Zannuwa tara ne a ciki, a ninke yadda ta saba, baki a ciki. Na sama guda biyu asu ya huda su a kan ninki. Akwai saƙi baƙi mai ratsin fari da take ɗaurawa ranar Salla, da mayafinta na zuwa gaisuwa, da faifai biyu saƙar hannunta, da ƙwaryar da take dama fura, an ɗinke tsagewar bakinta da zare. A can ƙasa, cikin ƙullin ɗankwali, ga carbinta da wani ƙaramin tandu da sauran kwalli a ciki.

Inna takan ce ajiya maganin wata rana, kuma a bakinta gaskiya ne, don ita abin da ta ajiye tana fito da shi: ta ba mai haihuwa zani, ta ba amarya faifai. Ni na riƙe rabin maganar na saki rabi. Na iya ajiyewa, ban iya fitarwa ba.

Na ce wa Adda ina jin kamar idan na ba da su na rabu da ita ne. Ta ce, "Ke, shekara shida suna cikin duhu asu na ci, wa ya amfana? Ki bari wata ta ɗaura ta yi salla da shi, ladan ya isa gare ta." Ban yi musu ba. Muka ware zannuwa shida da mayafin, Adda za ta kai wa tsofaffin da suka yi zaman mutunci da Inna a can gida, ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ɗauki faifai ɗaya da tandun kwallin. Ni na riƙe saƙin da ƙwaryar da carbin. Biyun da asu ya taɓa zan yanke wurin da ya lalace in haɗa su in yi wa auta abin shimfiɗa, amma sai na wanke su sosai na shanya a rana tukuna, saboda kafur ba ya shiri da jikin ƙananan yara. A asibiti ana gargaɗin kada a sa shi a kayan jarirai don yana jawo wa wasu shawara.

Carbin Inna yanzu shi ne a ƙusar lunguna. Adakar kuma da ta zama fanko na goge ta, kayan sanyin yara za su shiga idan hunturu ya wuce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kira dillaliya a kan kwanukan jere. Shekara goma sha huɗu da aure, akwai samiru da tasoshin da ko ruwa ba su taɓa gani ba sai na wankin ƙura. Sun cinye bango guda.

Ta zo ta duba, ta ƙwanƙwasa gindin kowanne da farce, ta faɗi kuɗin da ya sa na ji kamar an mare ni. Ta ce yanzu amare ba sa yayin irinsu, sai dai mutanen ƙauye. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya: tana fita da saiti biyu a kai, na hango matan gidan suna leƙe, kafin la'asar har an aiko ana tambaya ko lafiya. A wurinmu mace ta sayar da kayan ɗakinta alama ce ta babu ta shigo gida. Na san da haka, na ɗauka na shirya masa, ashe ban shirya ba. Maigida ma da ya dawo ya ga gurbin ya ɗan ɓata rai, ya ce kada Goggo ta zo ta ɗauka shi ya kasa riƙe ni.

Don haka na dakata. Saiti biyu sun tafi, sauran suna nan. Ban ce na fasa ba, ban kuma ce zan ci gaba ba. Kayan nan iyayena ne suka sha wahala suka tara min, akwai haƙƙinsu a ciki, akwai na mijina. Wataƙila in ware wa babbar 'yata masu kyaun, wataƙila in fara girki da wasu. Ba zan yanke a cikin fushi ko kunya ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Bakko uku sun rage. A ƙasan na huɗun na sami takardar haihuwar ɗana na biyu, a cikin tsohuwar jakar hannu, tare da tsofaffin takardun naira ɗari biyar guda biyu da na ɓoye lokacin wahalar canjin kuɗi ta 2023. Har yanzu ana karɓarsu, na ba shi ya sayo mana sukari. Takardun haihuwa huɗu sun cika a jaka ɗaya.

Wani abu da ban sa a lissafi ba: yau na shigo na tarar da 'yata ta share saman akwatin littattafanta ta ja masa layi da allina. Ta ce nata wurin ke nan, kada kowa ya ɗora komai.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ga wata. Sarkin Musulmi ya sanar, gobe Asabar ɗaya ga Ramadan.

Ɗinkin Salla ya riga ya fara shigowa, kwallar da ke ƙarƙashin keke ta cika har na ƙara ta biyu. Na ƙirga leda ashirin da uku, kowacce da sunan mai ita da ranar karɓa. Na gaya wa masu kawowa daga talatin zan rufe, abin da ban taɓa iya faɗa ba a baya.

Ƙarƙashin gado ban taɓa shi ba, saman sif ma haka in ban da robar magani. Bakko uku da jeren kwanuka suna inda suke, kuma na san ba zan waiwaye su ba sai bayan Salla. Kwatan awar dare zan mayar da shi bayan sahur, a kan lungun da durowa da kwallayen ɗinki kawai, don kada abin da aka samu ya kuɓuce a watan da aiki ya fi yawa.

Maigida da yaran maza sun tafi masallaci tarawihin farko. Na goge simintin, na sake jan layin allin da ya dushe, na ƙara masa inci 30 a gefen dama, saboda 'yata ta ce a nan take so ta riƙa bin salla tare da ni. Sai da muka matsar da adakar kaɗan kafin daddumarta ta kwanta. Geron kunun sahur yana jiƙe a roba, na rufe shi na ɗora dutse a kan murfin.